ZAUREN KASUWA: Ribar Da Ta Hau A Naira, Ta Sauka A Sefa

A fitowar da ta gabata mun yi alkawarin za mu ci gaba da maganar adashi da rigingimun da ke tattare da shi, to amma sai ku yi mana afuwa, domin wata magana ta gitto wadda muka ga bai kamata mu bar ta ta huce ba.

Ranar wata Juma'a, an sauko daga babban masallacin Briqueterie ana ta gaishe-gaishe, sai wani dattijo daga cikin masu sayar da shadda da atamfa ya riƙo mana hannun riga, ya ja mu gefe. Ya ciro wata takarda a ninke daga aljihu, ya ce, "Malam, ku da Allah ya hore wa karatun boko, ku duba mini wannan. Ɗan ƙanena ne ya aiko da ita daga Kano." Muka ce, "To Alhaji, mu gani." Zane ne na waɗansu sanduna a jere, kowace ta ɗara ta bayanta tsawo, ga wata kibiya ta miƙe a kansu. A ƙasa an rubuta cewa wannan ita ce ribar kowane hannun jari na kamfanin siminti na Dangote, daga shekarar 2019 zuwa ta 2024. Yaron yana ba baffan nasa shawara ne ya canja abin da ya tara zuwa naira, a saya masa hannun jari a kasuwar Legas. Abin da ya tara kuwa gumin shekaru ne, wanda ya ajiye domin aurar da 'ya'ya mata biyu da kuma rufe ɗakunan da ya soma ginawa.

Mun san abin da ya sa Alhaji yake ɗar-ɗar. Ba a manta da MMM ba, wadda ta riƙe kuɗin jama'a a Nijeriya a cikin Disambar 2016, haka nan ba a manta da MIDA ba, wadda hukuma ta rufe a nan Yawunde a cikin 2018, aka bar dubban mutane suna salati. Amma wannan ba irin tasu ba ce. Kamfani ne na gaske, yana kasuwar hannun jari ta Legas tun 2010, yana da masana'anta a Duwala tun 2015, buhunan simintinsa kuwa ga su nan a kowane kanti na kayan gini. Lambobin da ke cikin takardar ma ba na ƙarya ba ne, mun duba mun ga daidai suke. Abin da ya rage shi ne mu ga ko sun faɗi labarin duka, ko kuwa rabinsa.

Kafin mu yi nisa, bari mu warware abin da ake nufi da ribar kowane hannun jari, wadda takardun Faransanci suke taƙaitawa da haruffan BNPA. A ce mutum 10 sun haɗa jari daidai wa daida suna kawo shanu daga Ngaundare. Shekara ta zagayo, aka fitar da kuɗin mota da na makiyaya da haraji, riba ta tsaya a sefa miliyan 1. Kowa ya tashi da sefa 100,000 ke nan. A shekara ta biyu sai aka shigo da ƙarin mutum 5, kasuwa ta buɗe, riba ta kai sefa miliyan 1 da dubu 200. Wanda ya ji daga nesa zai ce an ci gaba. Amma da aka raba gida 15, sai kowa ya sami sefa 80,000. Ribar ƙungiya ta hau, ta kowane mutum ta sauka. Shi ya sa mai hannun jari ba ya tsayawa ga jimlar ribar da kamfani ya yi shela, sai ya nemi abin da ya faɗo a kan hannun jari guda, watau ribar da ta rage bayan haraji, an raba ta da yawan hannayen jarin. Kowane kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana buga wannan lamba a rahotonsa na shekara, galibi a ƙasan shafin riba da asara.

Washegari muka ɗauki Alhaji muka tafi shagon wani saurayi mai buga takardu a kwamfuta, nan cikin unguwa. Muka ce ya buɗe mana Excel. Ga wanda bai taɓa gani ba, falle ne mai gidaje-gidaje kamar dara, layukan tsaye suna da haruffa A, B, C, na kwance suna da lambobi 1, 2, 3, saboda haka kowane gida yana da sunansa. Amfaninsa shi ne idan ka koya wa gida ɗaya lissafi, sai ka ja shi ƙasa, sauran duk su kwaikwaya. Akwai shi a wayar hannu ma. Wanda ba shi da ko ɗaya, littafin rubutu da rula da na'urar lissafi ta kanti sun wadatar, sai dai a sha wahala kaɗan.

A layin A muka jera shekaru, a layin B ribar kowace shekara. Amma ba mu fara daga 2019 ba kamar yadda takardar Kano ta yi, sai muka koma baya da shekara biyu. Ga abin da rahotannin kamfanin suka nuna: a 2017 naira 11 da kwabo 65, a 2018 naira 22 da kwabo 83, a 2019 naira 11 da kwabo 79, a 2020 naira 16 da kwabo 14, a 2021 naira 21 da kwabo 24, a 2022 naira 22 da kwabo 27, a 2023 naira 26 da kwabo 47, a 2024 naira 29 da kwabo 74. A nan muka tsaya domin nan takardar ta tsaya, wanda ya sami rahoton shekarun da suka biyo baya sai ya ƙara layi a ƙasa.

Tun ba a je ko'ina ba kwamfutar ta yi mana gardama, kuma ya kamata mu faɗa muku domin kada ku sha irin wuyar da muka sha. Rahoton Nijeriya da ɗigo yake raba naira da kwabo, 11.65, su kuwa yawancin kwamfutocinmu na nan an saita su a kan Faransanci, waƙafi suke so, 11,65. Idan ka sa ɗigo sai ta ɗauka rubutu ka yi ba lamba ba, ta ƙi yin lissafi. Mun ɓata kusan rabin sa'a, saurayin yana ta rantsuwa cewa na'urarsa lafiya lau take, kafin muka gano.

A layin C aka fitar da ƙaruwar kowace shekara. Lissafin ba wuya: ka cire ribar bara daga ta bana, ka raba da ta bara. Tun da 2017 tana gida B2, 2018 tana B3, sai aka rubuta =(B3-B2)/B2 a gida C3, aka danna alamar kashi cikin 100, aka ja shi har ƙasa. Nan take ta zubo: 2018 ta hau da kashi 96 cikin 100, 2019 ta faɗi da kashi 48, sa'an nan hawa da kashi 37, da 32, da 5, da 19, da kuma 12.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wannan ramin fa? Babu shi a takardar yaron nan." Lalle babu shi. Takardar ta fara ne daga gindin ramin, ta bi hawa kawai. Wanda ya fara awo daga ƙasan rijiya kuwa, ko bakin rijiyar ya iso sai a ga kamar ya hau dutse.

Shi kansa tsallen 2018 yana da dalili, kuma ba wai an sayar da siminti ninki biyu ba ne. A shekarar ne kamfanin ya sami amincewar hukuma a kan rangwamen harajin da Nijeriya take yi wa sababbin masana'antu, saboda haka kuɗin da ya riga ya ware domin haraji a shekarun baya suka dawo cikin lissafin riba a lokaci guda. Abu ne na sau ɗaya, kamar ɗan kasuwar da aka biya shi tsohon bashi, bai kamata ya ɗauka haka cinikin kowace shekara zai zama ba. Saboda irin wannan ne muke ba da shawara a ware layi guda na bayani a can gefe, duk shekarar da lamba ta yi wani tsalle ko ta yi wata faɗuwa, a koma rahoton a nemo dalili, a rubuta shi da kalmomi biyu uku. A nan ne kuma za a rubuta idan yawan hannayen jarin ya canja, ko an yi kyautar ƙari ga masu su, ko kamfani ya saye waɗansu ya janye su daga kasuwa, kamar yadda wannan kamfani ya soma yi daga ƙarshen 2020. Kun dai tuna da masu shanunmu.

Sai saurayin nan, da yake yana son ya nuna gwaninta, ya ce bari ya tara kashi-kashin nan ya raba, a sami matsakaici. Muka ce ya dakata, ya gwada da shekara biyun farko tukuna. Hawa da kashi 96, sauka da kashi 48, idan aka haɗa aka raba biyu sai a ce ana ƙaruwa da kashi 24 kowace shekara. Alhali daga naira 11 da kwabo 65 aka tashi, aka dawo naira 11 da kwabo 79. Kwabo 14 ne ribar tafiyar shekara biyu! Wannan matsakaici mayaudari ne, kuma mun sha ganinsa a takardun masu tallar jari. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki lambar ƙarshe a raba da ta farko, sa'an nan a tambayi kwamfuta wace ƙaruwa ce idan aka maimaita ta kowace shekara za ta kai mutum can. Daga 2019 zuwa 2024 shekara 5 ne, sai a rubuta =(B9/B4)^(1/5)-1. A lura, tazarar da ke tsakani ake ƙirgawa, ba yawan layukan ba, nan ne da yawa suke tuntuɓe.

Amsa ta fito kashi 20 cikin 100 a kowace shekara. Muka ce to a fara daga 2018. Ta fito kashi 4 da rabi. A fara daga 2017, ta fito kashi 14. Kamfani ɗaya, rahoto ɗaya, shekarar ƙarshe ɗaya, amsa uku, kuma babu ta ƙarya a ciki. A ganinmu duk wanda ya kawo maka lamba guda ya ce ga yadda kamfani yake girma, tambayar farko ita ce daga wace shekara ya fara, ta biyu kuma me ya sa ya zaɓi wannan shekarar.

Duk wannan da muka faɗa, mutumin Kano ma ya shafe shi. Yanzu ga wanda ya shafe mu mu kaɗai, mazauna Kamaru, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka ajiye maganar adashi.

Alhaji da sefa yake ciniki, da sefa zai sayi kwanon rufi, da sefa zai yi kayan ɗaki. Ribar nan kuwa da naira aka rubuta ta. Saboda haka muka ƙara layi biyu: a layin D, sefa nawa naira take bayarwa a wannan shekara; a layin E, ribar da ke B an ninka ta da canjin da ke D. Bari mu ɗauki shekara biyu kawai, mu kuma yi lissafin a kan hannun jari 1,000 domin ya fi sauƙin kamawa. A 2021, a canjin hukuma, dalar Amurka tana wajen naira 400, tana kuma wajen sefa 550, watau naira 1,000 ta kusa sefa 1,400. Ribar hannun jari 1,000 a shekarar naira 21,240 ce, wajen sefa 29,000 ke nan. A cikin Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, ta faɗi, ta sake faɗuwa a farkon 2024. A 2024 dala ta koma wajen naira 1,500, a sefa kuwa wajen 600, watau naira 1,000 ta dawo wajen sefa 400. Ribar hannun jari 1,000 ta kai naira 29,740, amma da aka juya ta sai ta tsaya a wajen sefa 12,000.

A naira an ƙaru da kashi 40 cikin 100. A sefa an ragu da wajen kashi 60.

Shagon ya yi tsit. Can sai Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Ashe sandunan nan a kife ya kamata in riƙe su." Wani zai ce ai canjin hukuma muka bi, 'yan canjinmu na unguwa ba haka suka sayar ba. Gaskiya ne, a 2021 naira ta fi araha a bayan fage, kusan kunnen doki suka yi da sefa. To ko da wannan aka bi, daga wajen sefa 21,000 aka sauko wajen 12,000, labarin bai canja ba, zafinsa ne ya ɗan ragu. Kowa ya sa canjin da shi yake samu da gaske, abin da ya wajaba shi ne ya bi iri ɗaya daga sama har ƙasa.

Kada a ɗauka laifin kamfanin muke gani. Aikinsa siminti ne, ba shi yake tsaida farashin naira ba. Hasali ma wani ɓangare na hawan da aka gani a naira daga faɗuwar nairar ya fito, domin kamfanin yana ciniki a ƙasashe da dama, har da nan Duwala, kuma sefar da ya samu a nan idan aka juya ta zuwa nairar da ta yi rauni sai ta kumbura a takarda. Kada kuma mu yi wa naira dariya, domin dattawanmu sun ga lokacin da naira guda take kawo ɗaruruwan sefa, a farkon shekarun 1980, sun kuma ga Janairun 1994, lokacin da aka yi shela daga Dakar cewa an rage darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Masu bashin kaya daga waje a wannan unguwa sun san yadda suka kwana. Yanzu sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 ga yuro guda, shi ya sa take tsaye, amma abin da aka ɗaure da hannu ana iya kwance shi da hannu.

Adalci kuma ya sa mu faɗa wa Alhaji ɗaya gefen. Faɗuwar da ta riga ta auku, wanda ya saya kafinta ta cuta. Shi da sefarsa take hannu, nairar da zai samu ta fi ta da yawa. Jadawalin ba ya ce masa kada ya saya, ba ya kuma ce masa ya saya. Abin da ya nuna masa shi ne kasada biyu zai ɗauka a lokaci guda, ta siminti da ta canji, kuma a tsakanin 2021 da 2024 ta canjin ce ta rinjayi ta simintin nesa ba kusa ba. Da a ce a Kano zai kashe kuɗin, da sai mu cire layin sefa mu sa na tsadar kaya, domin a 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, ribar kuwa da kashi 12 ta ƙaru.

Akwai wani layi da muka ƙara daga baya, na abin da aka raba wa masu hannun jari a hannu. Riba daban, rabo daban, kamfani yana iya cin riba ya riƙe ta domin faɗaɗa aiki. Wannan kamfani ya raba naira 20 a kan 2021 da 2022, sa'an nan naira 30 a kan 2023 da 2024. Idan kun duba sama za ku ga naira 30 ta ɗara ribar waɗannan shekaru biyu, watau an ɗebo daga ajiyar baya an cika. Ba laifi ba ne, amma abu ne da mai lura zai sa wa ido. Haka nan idan kamfani ya yi asara a wata shekara, kamar yadda ta faru ga MTN ta Nijeriya a 2023 da 2024 sanadiyyar faɗuwar naira, to kada a yarda da kashin da kwamfuta za ta fitar a layin C, domin raba lamba da asara shirme yake haifarwa. A rubuta "asara" kawai a wuce.

Alhaji ya tambaya ko babu irin wannan kasuwa a nan gida, wadda ba sai an bi ta hannun ɗan canji ba. Akwai. An kafa kasuwar hannun jari ta Duwala a 2001, kamfanin farko da ya shiga shi ne SEMC mai ruwan Tangui a 2006, sai SAFACAM mai roba da manja a 2008, sai SOCAPALM mai manja a 2009. A 2019 aka haɗe ta da ta Libreville suka zama kasuwa guda ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, BVMAC, mazauninta Duwala, hukumar COSUMAF tana sa mata ido. A nan layin D da E ba su da aiki, tun da komai da sefa ne. Sai dai kasuwar ƙarama ce, zuwa 2024 kamfanonin da ke cikinta ba su kai 10 ba, ciniki kuma jefi-jefi ne, ranar da kake neman mai saye ba lalle ka same shi ba. Wanda ranar aure take jiransa ya kamata ya auna wannan. Layin bayani kuma zai yi aiki sosai, domin ribar kamfanin gona tana bin damina da farashin roba a duniya da kuma farashin manja, wanda gwamnati take da hannu wajen tsaida shi. Batun wane kamfani ya halatta a sa kuɗi a ciki da yadda ake fitar da zakkarsa kuwa, wannan na malamai ne, ga su nan a unguwa.

Da muka gama Alhaji ya sa aka buga masa jadawalin kofi biyu, ya biya saurayin har da na shayi. Ɗaya ya ninke ya sa a aljihu tare da takardar Kano. Ɗayan ya ce a ɗauki hotonsa a aika wa ɗan ƙanen nasa, a ce baffa yana gaisuwa, yana kuma tambaya ina 2017 da 2018 suka shiga. Kuɗin aure ya ce ba za a taɓa ba. Na rufi kuma sai amsa ta zo daga Kano tukuna.

Mai son a nuna masa yadda ake shirya jadawalin sai ya aiko da wasiƙa ta ofishin wannan mujalla. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu koma kan adashi, musamman abin da ya kamata a yi idan wanda ya riga ya kwasa ya daina zubi.